Kyamarar da ake raɗe-raɗin fitowarta: in jira ta ko in riƙe ta hannuna?

Ɗan Hoto: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Kyamarar da nake aiki da ita ful-firem ce (wato sensarta, ɓangaren da ke karɓar haske, girman fim ɗin milimita 35 take) mai megafiksel 24, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. To kwanan nan jita-jita ta yi yawa cewa kamfanin zai fito da wata sabuwa mai megafiksel kusan 60. Kamfanin dai bai ce uffan ba, masu shafukan ƙishin-ƙishin ne ke ta yaɗawa. Wani abokin aikina ya ce in yi maza in sayar da tawa tun kafin a sanar da sabuwar, don ranar da aka sanar darajar tsohuwar za ta faɗi. Yawancin aikina hoton mutane ne da taruka, sai jefi-jefi hoton kayan sayarwa. Ina da lensi uku: zum (mai zuƙowa) na milimita 24-70, sai na milimita 50 da na 85. Me kuka gani?

Auta: Yaya sayar kawai. 24 ina, 60 ina? Ninki biyu da rabi fa ke nan. Yanzu ko waya tana da 200.

Kawu Mai Fim: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin kowa ya cika ka da lissafi, amsa mini abu ɗaya. Hotunan da ka ɗauka a shekarar nan, ina suka ƙare? Nawa aka wanke aka rataye a bango, nawa suka tsaya a waya? Sannan akwai wanda ya taɓa dawo maka da aiki ya ce hoton bai fito tar ba saboda fiksel ɗinsa sun yi kaɗan?

Ɗan Hoto: Gaskiya Kawu, mafi yawa a waya suke ƙarewa, WhatsApp da Instagram. Sai albam, sai wanda za a sa a firem lokaci-lokaci. Ba a taɓa dawo mini da aiki saboda fiksel ba. Abin da aka fi yi mini ƙorafi a kai shi ne jinkirin miƙa aiki.

Kawu Mai Fim: To ka ji. Kuma sabuwar jinkirin nan za ta ƙara maka, ba rage shi za ta yi ba.

Injiniya: Bari in gyara lissafin Auta tukuna, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Megafiksel ɗaya ɗigo (fiksel) miliyan ɗaya ne, kuma jimillar ɗigon hoto faɗi ne sau tsawo. Hoton megafiksel 24 yana da ɗigo 6000 a kwance, 4000 a tsaye. Sony A7R IV da ta fito a 2019 mai megafiksel 61 tana ba da 9504 a kwance, 6336 a tsaye. Raba 9504 da 6000, za ka samu 1.58. Wato abin da ido zai gani na ƙarin ƙananan bayanai kashi 58 ne cikin ɗari, ba ninki biyu da rabi ba. Idan kana son ka ninka shi sau biyu cif, sai ka ninka megafiksel sau huɗu, daga 24 ka tafi 96. Daga 24 zuwa 45 kuwa, irin na Nikon D850, ƙarin bai kai kashi 40 ba.

Kashi 58 ba ƙaramin abu ba ne, ban raina shi ba. Amma a kan takarda yake. Sai lensi ya iya kawo shi, hannu bai girgiza ba, fokas ya zauna daidai, sannan a nuna hoton a wurin da zai iya nuna shi.

Batun wayar mai 200 kuma, Auta, ɗauki Samsung S23 Ultra ta 2023. Kowane ɗigo a sensarta maikiron 0.6 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A ɗaukar yau da kullum wayar tana haɗe ɗigo 16 su zama ɗaya, ta ba ka hoto mai megafiksel kusan 12. Su da suka ƙera ta sun san dalilin da ya sa suka saita ta haka.

Auta: Injiniya ka kashe mini jiki. Amma dai idan na zuƙo hoton 60 a kwamfuta ai zan ga gashin ido ɗaya bayan ɗaya.

Kawu Mai Fim: Za ka gani, kai kaɗai, da tsakar dare. Mai hoton ba zai taɓa gani ba.

Mai Tsuntsaye: Ni fa ban yarda da yadda ake son a rufe maganar nan ba. Kawu, da girmamawa, ba kowa ke ɗaukar abin da zai tsaya masa ya gyara zama ba. Ni tsuntsaye nake bi. Tsuntsu ba ya bari ka matso, kuma lensi mai tsawon 600 ma sau da yawa bai isa ba. Dole in yanke hoto. Idan na yanke rabin faɗi da rabin tsawo, kashi ɗaya cikin huɗu na fiksel ya rage. A kan 24 saura 6. A kan 61 saura 15. Tsakanin 6 da 15 akwai bambancin hoton da za a iya bugawa babba da wanda sai dai a kalla a waya. Tun da na koma babbar sensa, hotunan da da zan zubar yanzu suna amfani. Kuma kyamarar 61 ɗin idan ka sa ta a yanayin APS-C, wato ta yi aiki da tsakiyar sensar kawai, tana ba ka megafiksel 26, kamar kana riƙe da kyamara biyu ne a jiki ɗaya.

Kawu Mai Fim: Ban musa maka ba, malam. Amma wanda ya yi tambaya mutane yake ɗauka, kuma mutum idan ka ce ya matso zai matso.

Mai Tsuntsaye: A taro fa? Mai jawabi yana can kan dandamali, an hana ka wuce layin gaba. Ko a ce kana tsaye da 85 abu ya faru a can nesa, babu lokacin canza lensi. Yankewa ce za ta cece ka.

Ɗan Hoto: Wannan kam yana faruwa da ni. Ba kullum ba, amma yana faruwa.

Injiniya: Idan haka ne abin da ya ɓace a jakarka lensin zum 70-200 ne. Lensi mai kai wa 200 yana kawo maka abu kusa fiye da ninki biyu a kan 85, kuma da cikakkun fiksel 24 ɗinka, ba ragowar yanka ba. Sabuwar sensar kashi 58 kawai za ta ba ka. Shi Mai Tsuntsaye ya riga ya kai ƙarshen lensin da mutum zai iya ɗauka a kafaɗa, shi ya sa fiksel suka zama hanyar da ta rage masa. Kai ko rabin hanya ba ka kai ba.

Wani abu kuma, Mai Tsuntsaye: kyamarar APS-C, wato mai ƙaramar sensa, mai megafiksel 24 cunkoson ɗigonta daidai yake da ful-firem mai 54. Fujifilm X-T5 mai 40 kuwa, ita ma APS-C, wadda ta fito a 2022, ta wuce duk ful-firem ɗin da muke magana a kai wajen cunkoso. Wanda nisa ne kaɗai damuwarsa yana da wannan hanyar.

Mai Tsuntsaye: Haka ne, amma da faffaɗan firem ya fi sauƙi ka riƙe tsuntsu mai tashi a ciki, daga baya ka yanke yadda kake so. A ƙaramar sensa kafin ka ankara fiffike ya fita.

Hajiyar Situdiyo: Sannunku da muhawara. Ni na yi wannan ƙaura daga 24 zuwa 45, bari in faɗi abin da na tarar, mai daɗi da marar daɗi.

Mai daɗin shi ne hoton taron jama'a. Idan ka jera mutum hamsin ko sittin a hoto ɗaya, kowace fuska 'yar ƙarama ce a cikin firem. A nan fiksel suna aiki sosai, domin kowa fuskarsa yake nema, kuma zai zuƙo ya duba. Haka hoton yadi da kayan sawa. Yadi mai siraran zare yakan fito da wasu layuka masu launi-launi da babu su a jikinsa, kamar hoton yana rawa. Da babbar sensa wannan ya ragu mini ƙwarai. Kuma idan mai kaya ya ce yana son hoto ɗaya a tsaye don waya, ɗaya a kwance don shafinsa, daga ɗauka ɗaya nake fitar da duka biyun.

Marar daɗin kuma fuska ce. Duk wani ƙurji, duk inda hoda ta taru, duk gashin da ya kauce, sai ya fito. Babu wadda ta taɓa ce mini ta gode da na nuna ramukan fatarta. Lokacin gyaran kowane hoto ya ƙaru, ni ce kuma nake zama in goge abin da na sayi kyamara don ta nuna. Sannan kwamfutata ta fara nishi. Kafin wata uku sai da na ƙara mata RAM, na sayi sabuwar ma'ajiya. Wannan kuɗin ba ya cikin lissafin da na yi tun farko, kuma babu mai tallan kyamara da zai tuna maka da shi.

Ɗan Hoto: Hajiya wannan batun kwamfuta shi ne ya fi tsorata ni. Tawa ko yanzu sai a hankali.

Injiniya: Ga lissafinsa a saukake. Fayil ɗin RAW (ɗanyen hoto kafin gyara) da aka matse yakan ci kusan megabait ɗaya a kowane megafiksel. Na 24 kusan megabait 24, na 61 kusan 61. Wanda ba a matse ba a A7R IV yana kai wa wajen 120. Ka ce ka ɗauki hoto 2000 a aiki ɗaya: gigabait 48 a tsohuwar, sama da 120 a sabuwar, ko 240 idan ba ka matse ba. Kuma mai aikin kirki ba ya ajiye kwafi ɗaya. Sai ka ninka. Ga memori, ga lokacin kwafa, ga lokacin da manhajar gyara za ta ɗauka kafin ta buɗe kowane hoto.

Don adalci, sababbin kyamarori sun fara rage wannan ciwon. A7R V ta 2022 tana bari ka zaɓi RAW matsakaici mai 26 ko ƙarami mai 15. Sai dai ka tambayi kanka, idan a 26 za ka riƙa barinta kullum, me ka saya?

Auta: To ni abin da nake ji kullum shi ne babbar sensa tana da yashi-yashi a duhu, kuma tana tona asirin lensi marar kyau. Gaskiya ne ko ƙarya?

Injiniya: Rabin gaskiya ne, kuma an fi faɗinsa a karkace. Idan ka zuƙo hotuna biyu zuwa ɗari bisa ɗari, na 61 zai fi nuna yashi-yashi, domin kowane ɗigo ƙarami ne, maikiron 3.76 a maimakon kusan 6, hasken da ke faɗa masa kaɗan ne. Amma ba adalci ka yi ba, don ka fi zuƙo ɗaya a kan ɗaya. Ka fitar da su a girma ɗaya, bambancin yakan zama ɗan kaɗan, domin faɗin sensar ɗaya ne, milimita 36 da 24, jimillar hasken da ta tara ɗaya ne. Sai a ISO (saitin da ake ɗagawa don hoto ya yi haske a duhu) mai tsananin yawa ne mai ƙarancin fiksel takan ɗan yi gaba.

Haka batun lensi. Babbar sensa ba ta ɓata lensi. Lensi mai rauni a kan 61 ba zai ba ka hoton da ya fi na 24 muni ba, zai ma ɗan fi. Abin da zai faru shi ne ba za ka samu duk abin da ka biya ba. Lensinka na 50 da 85, idan ka ɗan tsuke ƙofar haskensu zuwa f/4 ko f/5.6, mai yiwuwa su ciyar da sensar. Zum ɗin, musamman a gefe-gefe kuma a buɗe, shi ne abin dubawa. Lokacin da Fujifilm ta fito da sensarta mai 40 har jerin lensi ta wallafa na waɗanda za su fi cin moriyarta, kuma ba duk lensinta ne suka shiga ba.

Kawu Mai Fim: Injiniya, ka faɗi gaskiya amma ka yi mata kwalliya. "Ba zai fi muni ba" ba dalilin sayen kaya ba ne. Mutum zai fitar da kuɗi ne don ya ga ƙari.

Kuma ka bar maganar hannu. Tun zamanin fim muke da ƙa'ida, idan lensinka 85 ne kada saurin shota, wato lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, ya gaza 1/85 na daƙiƙa, a ce 1/100. Wannan ƙa'idar an yi ta ne don hoton da za a wanke madaidaici. Wanda ke son kowane ɗigo na 60 ya zauna daram sai ya ninka saurin sau biyu ko fiye. A cikin ɗakin taro mai ƙarancin haske, ina za ka samo wannan saurin? Sai ka ɗaga ISO. Ka ɗaga ISO, ƙananan bayanan da ka sayi kyamarar dominsu sun narke. Na'urar hana girgiza tana riƙe hannunka, amma ba ta riƙe mutumin da ke magana yana juya kai.

Hajiyar Situdiyo: Shi ya sa ni nake ganin ribar a situdiyo, inda filasha ke daskarar da komai kuma ISO yana ƙasa. Ranar da na fita da ita taron dare, da ƙyar nake bambance hotunan da na tsohuwar.

Injiniya: Akwai ma wani shinge da babu kamfanin da zai iya tsallake shi. Haske idan ya ratsa ƙaramar kafa yakan bazu. Gwargwadon yadda ka tsuke ƙofar lensi, gwargwadon yadda kowane ɗigon haske ke faɗaɗa a kan sensa. A f/8 faɗinsa kusan maikiron 11 ne, a f/11 kusan 15, a f/16 ya haura 21. Ka kwatanta da ɗigon sensa mai 3.76. A f/16 ɗigon haske ɗaya ya mamaye fiksel biyar zuwa shida a jere. Ɗan Hoto, ka ce kana ɗaukar kayan sayarwa. Idan ƙananan kaya ne da kake tsukewa zuwa f/16 don komai ya shiga fokas, ribar 60 a kan 24 ta ragu ƙwarai. Masu irin wannan aikin sukan ɗauki hotuna da yawa a f/5.6 ko f/8, kowanne da fokas a wuri daban, su haɗe su a kwamfuta.

Uwar Biyu: Ni mai bidiyo ce, kuma na ga ba wanda ya taɓo wannan ɓangaren. 4K ɗigo 3840 ne da 2160, megafiksel 8.3 ke nan kacal. Shi ya sa Sony A7S III ta 2020, wadda aka yi don bidiyo, take da 12 kawai. Fiksel masu yawa suna ɗaukar lokaci kafin a karanto su daga sensa, layi bayan layi. Idan karatun ya yi jinkiri, ka juya kyamara da sauri sai ka ga sanduna da gine-gine sun karkace. Ko a hoto, idan kana amfani da shota marar ƙara a ƙarƙashin wasu fitilun LED, sai ka ga ratsi-ratsi. Wanda ke ɗaukar taro inda ake son shiru ya kamata ya damu da wannan fiye da adadin fiksel.

Canon R5 ta zo da 45 a 2020 ne saboda 8K irin na sinima yana buƙatar ɗigo 8192 a kwance, kuma kowa ya tuna surutun da aka yi kan zafin da take yi a bidiyo a farkon fitowarta, har sai da aka sassauta shi da sabunta manhaja. Jita-jita ba ta faɗin irin wannan. Lamba ɗaya take ba ka, mai daɗin faɗi.

Mai Tsuntsaye: Anti, an magance jinkirin karatun fa. Sony A1 ta 2021 tana da 50 kuma tana harba hoto 30 a daƙiƙa. Nikon Z9 mai 45 ko shota ta ƙarfe ba ta da ita.

Uwar Biyu: An magance shi a kyamarorin da ke saman jeri, masu sensa mai hawa-hawa, wadda ake karantawa da sauri sosai. Ka san ko wadda ake raɗe-raɗin irin wannan sensar za ta samu? Ba ka sani ba, ni ma haka, masu yaɗa labarin ma haka. Kuma ka lura Canon R3 ta 2021 da R1 ta 2024, waɗanda aka yi wa masu ɗaukar wasanni da 'yan jarida, duk a 24 suka tsaya. Ba rashin iya ƙera sensa ya sa ba, kamfanin da ya fitar da 5DS mai 50 tun 2015.

Kawu Mai Fim: Yauwa, 'yata ta kawo mu inda nake son mu zo. Duk wannan lissafin muna yi ne a kan kyamarar da babu ita. Ku yara ba ku ga abin da muka gani ba. Nikon ta fitar da D300S a 2009. Daga nan aka shiga jiran D400. Kowace shekara sai a ce ga ta nan, an ga hotonta, an ji daga majiya mai tushe. Ba ta taɓa fitowa ba. Sai a 2016 aka samu D500. Wanda ya sayar da kayansa yana jira, shekara nawa ke nan? Wannan ma jita-jita ce. Akwai wanda kamfani ya sanar da bakinsa: Nikon ta sanar da jerin ƙananan kyamarori mai suna DL a 2016, ta soke shi a 2017 ba tare da an sayar ba. Canon ta ce a 2015 tana aikin kyamarar SLR mai megafiksel 120, har yau ba a gan ta a kanti ba.

Ko ta fito ɗin, daga sanarwa zuwa ta shigo hannunka akwai tazara. Rukunin farko yakan ƙare, manhajar gyara takan ɗauki lokaci kafin ta iya buɗe sabon RAW, kuma matsalolin farko masu gaggawa ne ke gano su da kuɗinsu. Kai da wannan kyamarar kake cin abinci. Kada ka saki reshe ka kama ganye.

Ɗan Hoto: To batun faɗuwar darajar tawa fa, Kawu? Shi ne abokina ya fi nanatawa.

Kawu Mai Fim: Za ta faɗi, ko an sanar ko ba a sanar ba, kullum faɗuwa take. Amma mai 60 ba ita ce magajiyar mai 24 ba, masu sayensu daban ne, don haka ba lallai ta girgiza kasuwar taka sosai ba. Sannan ka auna abin da za ka rasa a faɗuwar da abin da za ka rasa idan ka zauna wata da watanni babu kayan aiki, ko kana haya.

Auta: Amma idan aka ce a yi babban allon talla fa? Ai nan dole sai 60.

Injiniya: Nan ne ma ba a buƙata. Ana kallon allon talla daga nesa. Ido mai lafiya yana bambance ɗigo kusan 300 a inci idan takarda tana kusa da fuska, kamar yadda ake riƙe albam. A wannan ma'aunin megafiksel 24 yana ba ka inci 20 da 13, wato kusan santimita 51 da 34. Ka ja baya mita ɗaya, ɗigo 87 a inci sun isa, hoton 24 ɗin zai iya kai faɗin mita ɗaya da kwata uku. Ka ja baya mita goma, abin ya zama wasa. A 2015 Apple ta cika alluna a birane da hotunan da aka ɗauka da iPhone 6, mai megafiksel 8.

Inda 60 ke da haƙƙinta shi ne babban hoto da za a tsaya a gabansa a ƙura masa ido: hoton daji ko gini a ɗakin nuni, kwafin zane ko tsohon rubutun hannu, taswira, ko taron jama'ar da Hajiya ta ambata.

Mai Tsuntsaye: Kun taru kun yi mini rubdugu, amma zan faɗi wannan in tafi. Irin maganganun nan aka yi a 2012 da Nikon D800 ta zo da 36, lokacin D700 tana da 12. Aka ce ya yi yawa, kwamfuta ba za ta iya ba, lensi ba zai iya ba. Yau wa ke cewa 36 ya yi yawa? Sikirin ma suna ƙaruwa, 8K megafiksel 33 ne. Hoton da ka ɗauka yau ba za ka koma ka sake ɗaukarsa bayan shekara ashirin ba. Ni gara in ajiye fiye da abin da nake buƙata.

Hajiyar Situdiyo: Wannan hujjar tana da ƙarfi, ban ƙi ta ba. Sai dai tsalle daga 12 zuwa 36 ya fitar da mutane daga ƙunci ne. Daga 24 zuwa 60 daga wadata ne zuwa wadata. Kuma kai sha'awa ce ta kai ka, ka dawo da hoto ɗari uku ka zaɓi biyar. Shi dubbai zai dawo da su, mutane suna jiransa.

Ɗan Hoto: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ba zan sayar ba. Amma maganar Mai Tsuntsaye da ta Hajiya kan taron jama'a ta tsaya mini a rai. Akwai hanyar da zan gwada kafin in yanke hukunci idan ta fito?

Injiniya: Ba sai ta fito ba. Masu 45 da 61 suna nan a kasuwa tun shekaru. Ka karɓi aro ko haya wadda lensinka zai hau, ka tafi da ita aiki na gaske tare da taka. Ka ɗauki abu ɗaya da duka biyun, lensi ɗaya, saiti ɗaya: fuska ɗaya, taron jama'a ɗaya, kaya ɗaya, da ɗaya a ƙarancin haske. Ka gyara su a kwamfutarka ta yanzu, ka duba agogo. Sannan ka wanke su a girman da ka fi sayarwa da kuma mafi girman da aka taɓa nema a wurinka, ka rubuta sunan kyamara a baya, ka ba wanda bai san komai ba ya zaɓa. Kada ka yi gwajin a sikirin kana zuƙowa, can kullum babbar ce za ta ci.

Uwar Biyu: Ka ƙara da shota marar ƙara a ƙarƙashin fitilun ɗakin taro, ka duba ratsi. Kuma ka tafi da memori biyu, ɗaya ba zai kai ka ƙarshen aikin ba.

Auta: To ni da nake da mai 16 tun ta yayana fa, in tsallaka 24 ko in jira mai 60 ɗin?

Kawu Mai Fim: Kai wane lensi ne a kanta?

Auta: Wanda ya zo da ita a kwali.

Kawu Mai Fim: Buɗe sabuwar tambaya, ka sa hotunanka uku da kake ganin ba su fito ba, tare da saurin shota da ISO na kowanne. A can za mu duba.